Sarkin da Ya Ƙone Jiragen Ƙasarsa

Hajiya Kaka, mahaifiyar babanmu, ba ta taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgin sama, ranar da aka ɗauko ta daga Malumfashi zuwa Landan don a yi mata aikin ido. Ko a ranar ma cewa ta yi gajimare ya rufe, abin da ta hango bai fi faɗin tabarma ba. Duk da haka a bakinta na ji labarin mayaƙan teku da har yau, da 'ya'yana biyu, ban daina juya shi a raina ba.

Lokacin ina shekara tara, yayana Nasiru yana sha biyu. Muna zaune a unguwar Edmonton ta Landan, a wani flat na council, wato gidajen haya na ƙaramar hukuma, a hawa na shida. A jikin bangon falo akwai murhun gas, irin wanda sai an danna an murɗa sau uku kafin ya kama. Nan ne mazaunin Hajiya Kaka. Ta ƙi kujera. Bargo ta sa aka ninka mata a ƙasa, ta miƙe ƙafafu cikin safar ulu ta Baba, tana kallon wutar tana cewa ba ta taɓa ganin murhun da ba ya barin toka ba. Umma tana aikin yamma a gidan kula da tsofaffi, Baba kuma yana aiki a ɗakin gwaje-gwajen wani asibiti, sai shida da rabi yake dawowa. Daga tashi makaranta zuwa dawowarsa mu uku ne a gidan.

"A garinmu ba a tatsuniya da rana," in ji ta. "Amma nan Allah Ya tausaya wa yara. Ƙarfe huɗu ba ta gama cika ba rana ta faɗi."

Da ta idar da sallar magariba sai mu haɗa shayi, mu yanka burodin da muke sayowa a shagon wani Baturke a ƙasan benenmu, mu zauna kusa da ita. Hausa take mana, mu kuma rabin amsarmu Turanci ne, amma ba ta taɓa nuna ta damu ba.

A sanyin shekarar nan gidanmu ya yi tsit fiye da yadda aka saba. Dalili kuwa, wata rana Nasiru ya dawo daga ƙwallo leɓensa a fashe, rigarsa duk jini. Wasu manyan yara ne suka tare shi a bakin fili. Baba ya dube shi, sannan ya ɗauki ƙwallon ya ɗora a saman kabad ɗin ɗakinsa. Daga ranar doka ta fara bin doka. Ba ƙwallo, ba zuwa fili, ba zuwa gidan aboki. Daga makaranta sai gida. Ba tsayawa a baranda, ba ɗaga murya, kada maƙwabcin ƙasa ya kai ƙara council. Baba bai taɓa dukanmu ba, ko tsawa ba ya cika yi. Amma da mun ji makullinsa a ƙofa sai kowa ya haɗiye maganarsa.

Hajiya Kaka tana ganin duk wannan, sai dai ba ta da bakin magana, domin Baba ɗan farinta ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi. In tana son ya san wani abu, ko da yana zaune a falon, mu za ta kalla ta ce, "Ku gaya wa mutumin nan abincinsa na hucewa."

Labarin ya samo asali ne daga aikin makarantata. Ana koya mana tarihin Vikings, mutanen arewacin Turai da suka riƙa zuwa yaƙi cikin dogayen jiragen ruwa, aka ba ni aron wani littafi mai hotuna. Hajiya Kaka ta karɓa, ta kara shi kusa da idonta da aka gyara, ta yi ta buɗawa a hankali. Ta ga jirage masu kan dodo, garkuwoyi jere a gefensu, ƙarti masu gemu da gatura. Sai ta tsaya a kan wani hoto, ta ɗora yatsa a kan wani siririn saurayi da ke can ƙarshen jirgi.

"Wannan fa, ƙawata? Ya sunansa?"

Na ce ba shi da suna, zane ne kawai.

"Babu mutumin da ba shi da suna. Dubi yadda ya riƙe mashin nan kamar an ba shi ajiya. Wannan tsoro yake ji. Halbaru ke nan, autan sarkin 'yan Baikin. Na san labarinsa."

Nasiru ya yi dariya, ya ce ina ta san shi. Ta ce, "Maigidana, kai dai zuba mini shayi." Ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan ta hayo ruwa." Ba mu san amsar wannan ba, sai na ce, "Ta sauka mu gan ta." Ta ce amsar ke nan, kuma haka muka ci gaba da yi.

Halbaru, a faɗarta, yaro ne da ko ƙarar murfin tukunya ke firgita shi. 'Yan'uwansa tun suna ƙanana suke hawa jirgi, shi kuwa da ya taka katakon jirgi sai amai. In an yanka rago sai ya ɓuya a bayan rumbu. Abin da yake so kawai shi ne kiwon awakin uwarsa a kan tudu, inda ba mai yi masa dariya. Garinsu yana gaba da garin da ke hayin ruwa tun zamanin kakanni, har an manta abin da ya haɗa su. Bana waɗannan su je su ƙone wa waɗancan rumbuna, baɗi waɗancan su zo su rama.

Da uban ya ga yaron ba zai yi yaƙi ba, sai ya ba shi aiki mafi sauƙi. Ya miƙa masa ƙaho, ya ce ya zauna a kan wani dutse da ya leƙa cikin teku, in ya hango jiragen abokan gaba ya busa. Ya yi wata biyu a can shi da awakinsa, ba abin da ya gani sai tsuntsaye. Ran nan da sassafe sai ga jirage bakwai sun ɓullo daga cikin hazo. Ya kai ƙahon baki, numfashinsa ya ƙi fita. Ya sake gwadawa, leɓɓansa suna rawa, haƙoransa suna haɗuwa. Ya tuna in ya busa za su san inda yake. Sai ya kwanta a bayan dutsen ya toshe kunnuwansa. Da ya sauko da la'asar, babu uba, babu 'yan'uwa, babu rabin garin.

Nan ta tsaya a ranar, don mun ji makullin Baba.

Washegari Nasiru, wanda ya fara da dariya, shi ya riga ni zama. Ta ce mutanen da suka tsira ba su san abin da ya faru a kan dutsen ba, kuma tunda shi kaɗai ya rage a gidan sarauta, shi suka naɗa. Ya yi sanyin shekarar duka bai yi magana da kowa ba. Da ƙanƙara ta narke ya fito ya tara mutane ya ce, "Ba yaron da za a sake ɗorawa a kan dutse da ƙaho a hannu. Yaƙin nan a kaina zai ƙare."

"Ya zama jarumi ke nan?" in ji Nasiru.

"Wa ya ce maka? Tsoron yana nan, bai je ko'ina ba. Ka san matsoraci ba ya barci, shi ya sa ya fi kowa shiri. Jarumai suna shiga yaƙi da waƙa, shi kuwa sai ya ƙirga ƙofofin gari da karnukansa kafin ya taka."

Kwana da kwanaki tana ba mu yadda ya ci garin hayi, ya ci na gaba da shi, ya bi gaɓar teku gari bayan gari. Duk inda ya ci sai ya tattara takubbansu a zuba a teku, ya ƙone jiragen yaƙinsu, ya kwashi 'ya'yan manyansu ya riƙe a fadarsa. Wanda ya yi gardama sau ɗaya ba ya samun damar ta biyu. Akwai wani dattijo da ya roƙe shi ya bar masa gatarin mahaifinsa, ko don tunawa. Halbaru ya sa aka jefa gatarin a ruwa, aka kori dattijon daga ƙasar cikin tsakiyar sanyi. Ban ji daɗin wannan ba, na ce mata ya zama mugu. Ta ce, "To, amma shekarar nan ba uwar da ta binne ɗanta saboda yaƙi. Ke dai riƙe duka biyun."

Yaƙi ya ƙare, amma hankalin sarki bai kwanta ba. Ya ji mata suna waƙar mazajensu da suka mutu, ya ce waƙa ce ke tuna wa yara ramuwa, ya hana waƙa. Ya ga maza suna hira a bakin ruwa, ya ce a hira ake ƙulla tawaye, ya hana taron da ya wuce mutum uku. Daga ƙarshe ya dubi kwale-kwalen masunta ya ce abin da ya ɗauki kifi zai ɗauki mayaƙa. Aka tara su aka cinna musu wuta, ya kafa doka cewa duk wanda ya sassaƙa jirgi, babba ko ƙarami, za a kore shi daga ƙasar. Mutanen da teku ke bakin ƙofarsu suka koma cin busasshen ganye. Ƙasa ta yi lafiya, ta yi shiru, sarki yana wucewa kowa yana sunkuyar da kai.

A lokacin ban lura ba, sai daga baya na gane cewa kullum tana ɗan jinkirta farawa. Yau carbinta bai ƙare ba, gobe shayin ya yi zafi da yawa. Har ya zama makullin Baba yana shigowa labarin bai kai ƙarshe ba, ita kuma ba ta tsayawa. Takan ce, "Ku yi wa mutumin nan sannu da zuwa," ta ɗora daga inda take. Baba yakan zauna a teburin cin abinci, ya juya mana baya, yana ci yana duba takardunsa. Wani lokaci sai in ga cokalin ya daɗe a hannunsa bai kai baki ba.

Ranar ƙarshe ana ruwa, gilashin taga duk ya yi gumi. Ta ce sarki Halbaru yana da 'ya guda ɗaya, 'yar shekara bakwai. Yarinyar ba ta taɓa ganin jirgi ba, amma ta ji tsofaffi suna raɗarsa. Wata rana ta sami ɓawon itace, ta soka masa tsinke, ta ɗaura ganye, ta ɗora a kan ruwan da ya kwanta a bayan fada. Dogarai suka gani. Doka ba ta ware kowa ba, kuma sun fi tsoron ɓoye wa sarki fiye da kai masa 'yarsa. Suka kawo ta gabansa da abin a hannunta.

Sarki ya ce, "Wa ya koya miki?" Yarinya ta buɗe baki, magana ta ƙi fita. Leɓɓanta suna rawa, haƙoranta suna haɗuwa. Ya dube ta, ya gane rawar nan, domin ya taɓa yin irinta a kan dutse. Ya waiwaya ya ga ba jiragen abokan gaba a fadar, ba hazo, ba kowa. Shi kaɗai ne a gabanta.

Hajiya Kaka ta tsaya a nan, ta kai hannu tana murza gwiwarta.

"Sai me?" in ji Nasiru.

"Iya nan na san shi. Wanda ya ba ni bai ƙarasa mini ba."

Muka hau roƙonta, ta ce ita ba ta ƙarya, abin da ba ta sani ba ba ta sani ba. Sai muka ji muryar Baba daga teburi, bai juyo ba.

"Inna, to me kike so ya yi? In ya bar jirage, yaƙin zai dawo."

Ban taɓa jin ya sa baki a hirarmu ba. Hajiya Kaka ta ja mayafinta ta ƙara rufe gefen fuskarta, ta dubi wutar.

"Ku gaya wa mai tambaya, wataƙila ya dawo, wataƙila bai dawo ba. Wannan na Allah ne. Amma yarinyar tana gabansa yanzu." Ta ɗan numfasa. "Na tuna ma. An ce ya sauko daga karaga, ya riƙe hannunta, suka je bakin teku tare. Har lokacin ruwa tsoro yake ba shi. Suka saki ɗan jirgin. Bai zama mutumin kirki rana ɗaya ba, waɗanda ya kashe ba su dawo ba, mutane kuma ba su daina tsoronsa ba har ya mutu. Amma ya yarda kowane gari ya sassaƙa kwale-kwale guda, aka koma cin kifi. Nan jirgina ya tsaya, kowa ya sauka da kayansa."

Baba ya sake ɗaukar cokalinsa. Ya gama cin abincinsa, ya wanke kwanonsa. Ranar Asabar da safe ya shigo ɗakinmu da ƙwallon a hammata ya ce wa Nasiru, "Sa takalminka." Na bi su. Ya tsaya a bakin fili cikin doguwar kwat ɗinsa, hannuwa a harɗe, yana harare-hararen duk yaron da ya matso kusa da ɗansa, har aka tashi. Nasiru ya ce kunya kamar ta kashe shi. Sauran dokokin ba su faɗi a ranar ba, ɗaya bayan ɗaya suka riƙa sakwarkwacewa, wasu ma sai da muka shiga jami'a. Da bazara ta shigo Hajiya Kaka ta koma gida, ta ce ta gaji da garin da ba a jin kukan zakara. Ta ƙara shekara shida a duniya. Allah Ya jiƙanta.

Na daɗe ina ɗaukar labarin a matsayin dabarar tsohuwa da ta yi wa ɗanta faɗa ba tare da ta karya kunya ba, kuma ina jin daɗin cewa mu ne muka yi nasara. Sarki ne mai laifi, yarinya ce mai gaskiya, shi ke nan. Sai da na haifi nawa na ga abin bai kai haka sauƙi ba.

Kwanakin baya babbar 'yata Amira, mai shekara sha uku, ta ce tana so ta je kantunan Stratford, can wani gefen Landan, da ƙawayenta, su kaɗai, ba babba. Muna zaune a Catford yanzu, Baba kuma tun da ya yi ritaya yake zuwa mana kowace Asabar. Yana falo yana wasa da ƙaninta lokacin da ta tambaya. Na ce a'a tun kafin ta rufe baki. Na jero mata dalilai, cunkoso, masu fizgen waya, canjin jirgin ƙasa. Na zaci za ta yi gardama kamar yadda ta saba. Sai kawai ta sunkuyar da kai ta hau sama a hankali, ko ƙofa ba ta buga ba. Na tuna wannan ne karo na huɗu a wata guda da na ce a'a, kuma kowane karo gardamarta raguwa take.

Na zauna kusa da Baba. Can na ce, "Baba, ka san da kai Hajiya Kaka take a labarin sarkin nan?"

Ya yi murmushi. "Tun ranar da na ji maganar ƙaho." Ya sauke yaron daga cinyarsa, ya ce ya je ya kira yayarsa su sha lemo. Sannan ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Shekararsa ta farko a Landan, yana ɗalibi, shi da wani abokinsa suna jiran bas wasu samari suka far musu. Baba ya ruga. Ga rumfar waya a kan kwana, ga shaguna a buɗe, amma bai tsaya ba sai a ɗakinsa, ya kulle ƙofa. Abokin ya rasa ido ɗaya. Baba bai gaya wa kowa ba sai mahaifiyarsa, a wasiƙar da ya san sai an karanta mata. Ba ta taɓa amsa wannan wasiƙar ba.

"Amsar ce kuka sha shayi kuna saurara," in ji shi. "Bayan shekara goma sha biyar."

Na tambaye shi ko yana ganin ya yi kuskure da ya kulle mu. Ya ce, "Wani wajen. Ba duka ba. Kun girma da idanunku biyu-biyu ko ba ku girma ba?" Nan na gane abin da tsohuwar take nufi da ta ce in riƙe duka biyun. Ba ta taɓa cewa ƙarya sarkin yake yi ba, jiragen da ya hango na gaske ne. Abin da ta nuna kawai shi ne, mai tsare mutane don yana sonsu yana iya wayar gari ya tarar shi ne abin da suke tsoro, kuma ba mai gaya masa, domin duk sun koyi shiru.

Da Amira ta sauko na ce ta je, amma ta turo mini saƙo in ta isa, ta kuma dawo kafin magariba. Ta dube ni kamar ba ta yarda ba, ta rungume ni, ta zari jakarta ta fita.

Muka zauna ni da Baba, wayata a kife a kan teburi tsakaninmu. Na kawo masa hirar Nasiru da sabon aikinsa, shi kuma ya kawo ta ciwon gwiwarsa da likitan da ya soke masa ranar ganinsa sau biyu. Muka yi kusan rabin awa a haka, kowa yana nuna bai damu ba. Can ya katse maganarsa a tsakiya, ya nuna teburin da haɓa.

"Ke, duba wayar nan mana. Ai ya ci a ce ta isa."